Shokozobar Motar Baba

Motar Baba ta girme ni, ta girmi Yaya ma. Doguwa ce mai kujeru layi uku, ruwan ƙasa, wadda ya saya tun yana akawun auduga a Funtua. Littafinta yana cikin akwatinsa, naɗe a leda, kuma ni kaɗai ne a gidan na taɓa karanta shi daga bango zuwa bango. Ban iya tuƙi ba. Yaya ya iya, amma bai taɓa buɗe littafin ba.

Shekarar da ciwon baya ya kwantar da Baba, Yaya ya karɓi makulli. Ya kwance kujerun layin ƙarshe ya jingine su a zaure, ya mayar da motar ta dakon masara zuwa kasuwar Dandume. Ba wanda ya ce masa don me. Shi ke noma gonakin, shi ke da iyali. Ni ɗalibi ne da ke zuwa hutu da jakar littattafai.

Likita a Malumfashi ya ce sai an riƙa kai Baba asibiti gashin baya duk mako, in ba haka ba ƙafarsa ta hagu za ta daina ɗaukarsa. Daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta hanyar burji ce da damina ta gama cinyewa. Yaya ke tuƙi, ni ke zama da Baba a baya. Duk ramin da muka faɗa, bayan motar sai ya yi harbi kamar jaki. Baba ba ya nishi. Wuyan hannuna yake kamawa ya matse, yana salati ƙasa-ƙasa, zufa na bin gemunsa.

Bayan zuwa na uku ya ce wa Inna, ina ji daga bakin ƙofa, “Na gama zuwa. Abin da suka gasa a awa guda, hanya ta warware shi kafin mu iso gida.”

Na ɗauko littafin na nemi shafin shokozoba, ƙarfen nan mai kama da famfon keke da ke bayan kowace taya, wanda ke shanye girgiza. Na leƙa ta gefen taya na kwafi lambar da ke jikin tamu. Ba su yi daidai da ta littafi ba. Na tarar da Yaya yana cin tuwo.

“Yaya, shokar bayan nan ba tata ba ce.”

“Ta wa ce? Taka?”

“Ta motar ɗaukar kaya ce, mai gas. Ta yi tauri. Littafi ya ce mai mai ake sa mata.”

“Littafi ya ce.” Ya suɗe yatsa. “Farfesa, littafin ne zai kai buhu goma Dandume? Ni da ke tuƙa ta kullum ban ji komai ba.”

“Kai kana gaba, kana riƙe da sitiyari.”

“To zo ka riƙe mana. Ah, na manta. Ko keke sai an kama maka.”

Ban iya amsa irin wannan magana ba. Har yau sai na bar wuri amsar take zo mini. Na tafi ɗakin Baba na durƙusa, na roƙe shi ya ƙara zuwa sau ɗaya bayan an canja shokar.

“Sau ɗaya,” ya ce. “In ta sake yi mini abin da ta saba, kada wanda ya ƙara yi mini maganar asibiti.”

Na wuni a layin masu kayan mota a Funtua da takarda a aljihu da zaren da na auna tsawon shokar da shi. Shago huɗu suka miƙo mini mai gas, suna cewa ita ake yayi. Wani ya dubi zaren ya tambaye ni ko tela ne ya aiko ni. A shago na biyar wani dattijo mai tabarau ya karɓi takardar, ya karanta, ya ɗago.

“Me za ta ɗauka, mutum ko buhu?”

“Mahaifina. Yana ciwon baya.”

“Allah ya ba shi lafiya. Zauna.”

Ya zube mini tarin tsofaffin shokoki 'yan Baljiyam a ƙasa, ya nuna mini yadda ake gwadawa. Ka kafa gindinta a ƙasa ka danna. Mai gas za ta turo kanta ta dawo sama. Mai mai za ta tsaya inda ka bar ta. Sai ka ja ta a hankali. In ta zo da nauyi iri ɗaya tun daga ƙasa har sama, lafiyayya ce. In ta zame a tsakiya, ko ka ga danshin mai a wuyanta, ta mutu. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, na ware biyu da nauyinsu ya zo ɗaya, na sake gwada su, har dattijon ya tafi sallar la'asar ya dawo ya same ni ina ja.

Bakaniken ƙauyenmu abokin Yaya ne, majalisarsu ɗaya. Ya ɗaga motar, ya leƙa ƙarƙashi, ya dubi Yaya, suka yi murmushi. Na matso zan duƙa, sai bakaniken ya tare ni.

“Ja baya, ɗan boko, kada baƙin mai ya ɓata maka wando. Shoka ka ce a canja, ko?”

“E.”

“Shoka kawai?”

“Shoka kawai.”

“To, kowa ya ji.”

Na koma gefe na tsaya da takardata. Da na duƙa a lokacin nan, da Baba bai sha wahalar da ya sha ba. Kunya ce ta hana ni, kuma ban yafe wa kaina ba.

Ranar asibiti muka hau hanya. Ramin farko na bayan makarantar firamare, motar ta yi harbinta kamar ba a taɓa ta ba. Na biyu ma haka. Baba ya rufe ido. Yaya ya dube ni ta madubi.

“Farfesa, ya littafi? Shafi na nawa muke yanzu?”

Da muka dawo, mu biyu muka ciccibi Baba zuwa ɗaki. Da muka kwantar da shi ya ce, “Kun ji abin da na faɗa.” Ya juya fuskarsa ga bango.

Washegari da hantsi na shimfiɗa buhu a ƙasa, na shiga ƙarƙashin motar da littafin a ƙirjina. Na riƙa bin hoton ƙarfe bayan ƙarfe. Shokar tana daidai. Sai na kai ga sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da motar ke zaune a kai. A hoto akwai sarari tsakanin murɗi da murɗi. A motarmu babu. An yanka tsohuwar taya gunduwa-gunduwa an cusa a tsakani, an ɗaure da waya, laka ta rufe su har sun zama kamar jikin motar. Daga baya na ji duk masu lodin hatsi haka suke yi, don kada mota ta zauna in an danƙara mata kaya. Sifirin da ba ya lanƙwasa, ko wace shoka ka sa masa, bayan mutum ne zai sha dukan.

Na kwanta a nan ina kallon robar, ina tuna murmushin da suka yi a gareji.

Na ɗauko jak na ɗaga gefe ɗaya, na kwance wayar, na sa ƙarfen cire taya ina ɓamɓarowa. Buhunan masara na jibge a ƙofar gida suna jiran lodi. Ina kan gefe na biyu na ji an kama ƙafata an fisgo ni waje. Yaya ne.

“Uban wa ya ce ka taɓa?”

Na miƙe. Bakina ya buɗe a karon farko.

“Ka sani. Kana kallon Baba ta madubi jiya, ka sani.”

“Na sani! In an cire, buhu biyar ma sai ta shafi ƙasa. Tuwon da kake ci kana karatun banza, daga sama yake faɗowa? Maganin Baba fa?”

“Da ka faɗa.”

“In faɗa wa wa? Kai?” Ya cakumi wuyan rigata. Inna ta fito tana salati, maƙwabta suka fara leƙowa. Ya sake ni.

Na tsinci gunduwa ɗaya na shiga ɗakin Baba na ajiye a gefen shimfiɗarsa, na yi masa bayani. Ya ɗauka ya jujjuya ta, ya kankare lakar da farce. Ya ce a kira Yaya.

“Ni na sayi motar nan. Ban sayo ta da wannan ba.”

“Baba, kowa haka yake yi.”

“Kowa ubansa yake ɗauka a baya?”

Yaya ya sunkuyar da kai. Na ɗauka an gama, sai Baba ya juyo gare ni. “Kai kuma ka kawo ƙarar yayanka gaban jama'a. Ka ji daɗi?” Gaskiya na ji daɗi. Ya ce mu fita dukanmu, mako mai zuwa zai gwada.

Da makon ya zagayo, motar ta shiga ramin bayan makaranta ta fito a hankali, kamar kwalekwale. Baba ya buɗe ido. Kafin mu kai kwalta yana leƙen gonaki, yana faɗin wanda ya makara da shuka dawa da wanda ƙuduji ya ci wa gona.

Da aka shiga da Baba ɗakin gashi, Yaya ya same ni a gindin darbejiya inda ake ajiye motoci.

“Ranar kasuwa zan mayar da robar.”

“Ranar asibiti zan cire.”

“Mu gani wa zai gaji.”

Haka muka yi har kaka ta wuce. Jajibirin kasuwa ya ɗaga motar ya cusa, jajibirin asibiti in ɗaga in ɓamɓare. Wani lokaci yakan ƙara waya ya murɗe ta ta ciki inda hannu ba ya kaiwa, ni kuma in jefa gunduwoyin bayan danga, sai ya nemi wata tayar ya yanka. Inna ta raba mana kwano. Da hutu ya ƙare ban koma makaranta ba sai da likita ya ce gashin ya isa, don na san in na juya baya robar za ta zauna. Baba bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Yanzu yana takawa masallaci da sanda. Ni da Yaya muna gaisawa in akwai mutane.