Gwaibar Hagun Mashigi

Malam Arcesio ba ya taka inda wani bai taka ba. Ko kasuwa za mu, sai ya sa ni gaba ya bi sawuna. Mun ɗauka ladabi ne.

Baƙo ne a garinmu, nan cikin duwatsun Cauca. Da furfurarsa ya zo, ya roƙi a bar shi ya koyar da kokawar judo kyauta ga sojojin da nakiya ta cire wa ƙafa, a zauren da nake shara ina dafa musu kofi. Darasinsa na farko faɗuwa ne.

"Ƙasa ce ta cuce ku," yakan ce. "Sai kun shirya da ita."

Kowa ya saki jiki ban da Kofur Duván. Burinsa ya koma gonar uwarsa a kan gangare, inda mai ƙafa biyu ma zamewa yake. Amma ko a kan katifa, da an kama shi sai ya sandare.

"Kofur, buhun rogo ma ya fi ka iya faɗuwa!" in ji abokansa.

"Ku ji 'yan banza!" in ji Duván. "Ai ku huɗu ne da takalmi ƙafa biyu."

Arcesio ya yi ta lallashi har ranar da Duván ya yarda aka kayar da shi. Ya kwanta yana dariya, bakinsa ya buɗe. Ya faɗi sunan rafin da abin ya same shi, da ƙishirwar ranar, da yadda ya kauce hanya neman inuwa.

"Gindin gwaibar nan," in ji Arcesio a hankali, yana gyara masa ɗamara. "Ta hagun mashigi."

Duván bai ambaci gwaiba ba.

Kofin da nake zubawa ya cika yana kwarara a ƙafata, ban ji zafinsa ba.

"Malam," in ji Duván, "ya aka yi ka sani?"

Arcesio ya kalli hannuwansa, hannuwan da suka binne nakiyar. Can ya kwance baƙar ɗamararsa, ya ninke, ya ajiye a bakin katifa. Ya fita, kuma wannan karon bai jira kowa ya shige gaba ba. Ba mu sake ganinsa ba.

Darasi na gaba, wanda bai tsaya ya koyar ba, shi ne yadda ake tashi da ƙafa ɗaya. Duván yana kwance a katifar.