Zanen Gawayi a Zauren Goggo

Jiya mai fenti ya zo zai shafe zanen gawayin da ke bangon zaure, na ce ya dakata.

Lokacin gudun hijira, Goggo, ƙanwar babana, ta ba wata mata daga Mubi masauki a tsohon gidanta na Jimeta. Matar ta zana gidansu na Mubi a bangon, har da bishiyar mangwaro. Na ɗauko tsumma zan goge, Goggo ta riƙe ni, hannunta na ƙamshin man shanu.

"Bari, 'yata. Gidan da ya rage mata ke nan."

Yanzu mun mai da gidan wurin masu zane, da ɗakunan baƙi da wutar sola. Bangon nan kaɗai ba mu taɓa ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya ba ta gidan da ba a gudu a bar shi.