Rana ta Talatin a Tagar Loretta Dubek

Shekara talatin da ɗaya Loretta Dubek ta yi a bayan taga ɗaya a ofishin Sherif na gundumar Tessler a Amurka, kuma ba a taɓa jin takarda ta ɓace a hannunta ba. 'Yar manomin masara ce, ta huɗu cikin yara shida. Aikin jinya ta so ta karanta, amma a shekarar da ta gama sakandare mahaifinta ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙugu, sai ta karɓi aikin da ya samu a cikin gari don ta riƙa komawa gona da yamma. Ta auri Ray, makanikin tarakta, suka haifi 'ya ɗaya wadda yanzu ke aure a birni. Ray ya rasu shekara shida da suka wuce. Sherif huɗu ta gani. Mutanen gunduma su zaɓi mutum da ƙuri'a ya shugabanci 'yan sandansu da gidan yarinsu, ya ci zamaninsa ya tafi, ita tana nan da tabarau rataye a wuya.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Duk takardar da ta shigo ta taga, sai ta zura ta cikin injin hatimi, ya buga mata rana da awa da minti. Kafin hatimi takarda ce kawai. Bayan hatimi ta zama ta hukuma, doka ta fara ƙirga kwanaki. A saman tagar akwai sanarwa da manyan baƙaƙe cewa ma'aikata ba su da izinin ba kowa shawarar shari'a. Loretta ta riƙe wannan ƙa'ida har a kan ɗan baffanta, wanda ya yi shekara biyu ba ya gaishe ta a coci.

Wata Laraba a watan Satumba, da ƙarfe biyar na yamma, aka shigo da Dell Pruitt. Shekararsa ashirin da uku. An tsayar da shi a hanya motarsa na tangaɗi, maganarsa na harɗewa, ɗan sanda ya rubuta cewa maye ne. Ciwon suga yake da shi tun yana ɗan shekara tara. Kafin ƙarfe bakwai aka same shi kwance a ɗakin tsarewa babu rai. Loretta ta riga ta tashi aiki a lokacin. Ta je jana'iza. Sherif ma ya je, ya tsaya can baya da hularsa a hannu.

Akwai kyamara a ɗakin. Na'urar da ke ajiye hotunanta tana ƙasan bene, kuma kwana talatin take riƙe abu. Duk awar da ta cika kwana talatin, sabon hoto ya hau kanta, ta tafi har abada. Abu ɗaya ke hana wannan: idan wani ya nemi hoton a rubuce bisa dokar jiha ta buɗe takardun hukuma, to ba a da ikon barinsa ya goge sai an gama magana a kansa.

Wasiƙar mahaifin yaron, ta neman hoton ɗakin, ta iso ranar Litinin, kwana na ashirin da shida. Orrin Pruitt tsohon malamin lissafi ne a sakandaren garin, shi ya koyar da 'yar Loretta. Shafi biyu ya buga, tsaf, kowane sakin layi da lambarsa. Tana karanta layin farko ta hango kuskuren. Malamin ya nemi dokar da ta fi kowace girma, ya kafa hujjarsa da dokar tarayya ta 'yancin samun bayanai. A lissafinsa babba ya haɗiye ƙarami, abin da ya fito daga Washington ya hau kan kowa. Amma wannan doka ma'aikatun tarayya kaɗai ta ɗaure. Ofishin Sherif na gunduma ɗan jiha ne, dokar jiha yake amsawa.

Ta buga wa wasiƙar hatimi ta kai wa Sherif Wendell Krantz. Ta girme shi da aji biyu a makaranta, kuma idan su biyu ne da sunansa take kiransa. Ya karanta, ya buga wa lauyan gunduma waya, ya saurara, ya ajiye.

"Ya ce a rubuta wa Pruitt cewa dokar da ya ambata ba ta shafe mu ba. Layi biyu. Ki sa a gidan waya ranar Juma'a."

"Juma'a ce rana ta talatin, Wendell."

"Na iya ƙirga."

"Ba zai samu ba sai Litinin."

"Loretta, ba wanda zai goge komai. Na'ura ce ke aikinta yadda aka saita ta tun kafin in zo." Ya murza ido da yatsu biyu. "Kina tsammanin ina barci? Yaran da ke aiki ranar nan, ɗaya matarsa na da ciki. Lauya ya ce kada mu taimaki kowa ya maka mu a kotu, ni kuma ba lauya ba ne. Ke ma ba lauya ba ce. Ga shi can a rubuce saman kanki."

Ta rubuta layi biyun ta sa a ambulan. Daren Laraba da na Alhamis ta yi ta duban wayarta a kan teburin kicin. Lambar gidan Pruitt na cikin littafin coci. Ba ta kira ba. Wata goma sha huɗu suka rage mata ta kai ga cikakken fansho, kuma a ofishin nan Sherif ke ɗauka, shi ke sallama. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Shekara talatin da ɗaya tana gaya wa mutane cewa ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, ta kuma yarda da abin da take faɗa.

Ranar Juma'a ambulan ɗin na kwance a kwandon wasiƙu, mai ɗauka bai zo ba tukuna. Da ƙarfe huɗu da minti ashirin ƙofar waje ta buɗe, Orrin Pruitt ya shigo. Ya sa taye. Rigar ta yi masa yawa a wuya.

"Barka da yamma, Misis Dubek. Na zo jin labarin wasiƙata."

Ƙofar ofishin Sherif a buɗe take a bayanta, taku shida. Tana jin ƙarar kujerarsa. Ta ciro ambulan daga kwando ta tura masa ta ƙarƙashin gilashi. Ba a ce kada ta ba shi hannu da hannu ba.

Ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa.

"Ban gane ba. Dokar ƙasa ce. Majalisar tarayya ta yi ta. Tessler ta fita daga Amurka ne ban ji ba?"

"Abin da ke takardar shi ne amsar ofis, Mista Pruitt."

"To wace doka ce ta shafe ku?"

"Ba ni da izinin ba ka shawara."

"Ba shawara na nema ba. Tambaya na yi."

Ta dubi sanarwar da ke sama, shi ma ya ɗaga kai ya duba. Ya gyaɗa kai a hankali. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana hana yara satar amsa, ba zai roƙe ta ba.

"Shi ke nan. Ranar Litinin zan je birni in ga lauya."

Agogon bango ya nuna huɗu da minti talatin da ɗaya. Bai san komai game da kwana talatin ba. Ya fara ninke takardar gida uku.

A daidai nan Gil Tesar ya turo ƙofa da kafaɗa, kofi a hannu. Shi ne mai jaridar mako-mako ta garin, shi ne editanta, shi ne mai ɗaukar hotonta, ranar Alhamis kuma shi ke raba ta a shaguna. Shekara ashirin ke nan duk Juma'a sai ya zo ya kwafi jerin waɗanda aka kama a makon, ita kuma takan miƙa masa littafin ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ranki ya daɗe, gwamnar taga. Wa kuka kama min wannan makon? In ba kowa, ki ba ni aron Wendell in cika shafi na uku." Sai ya ga wanda ke tsaye, ya sauke murya. "Orrin. Ya ƙarin haƙuri?"

Loretta ba ta taɓa littafin ba.

"Ina takardarka, Gil?"

"Wace takarda?"

"Ta neman bayani. A rubuce doka ta ce."

"Yau kuma? Loretta, tun gashina na baƙi nake zuwa nan. Ko kin sha wani abu ne da rana?"

"Na yi sakaci shekara ashirin, yau na gyara. Ga takarda, ga biro. In ka manta yadda ake yi, ai ka sha rubuta wa hukumar makarantu."

Kujerar da ke bayanta ta daina ƙara.

Gil ya dube ta, ya dubi takardar da ke hannun Orrin, ya dubi buɗaɗɗiyar ƙofar. Shekarun da ya yi a aikin jarida sun koya masa gane hannunka-mai-sanda. Ya ajiye kofin.

"To. Tsufa ya sa ba na iya rubutu sai ina faɗa da baki, ku yi haƙuri da ni." Ya fara, kalma ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta mai karatu a coci. "Bisa dokar jiha ta buɗe takardun hukuma. Ta jiha fa, ba ta Washington ba, waɗancan ba su san da zamanmu ba. Ina neman. Sai mutum ya faɗi abin da yake nema, da rana, da awa. Sai sa hannu." Ya ɗago. "Ko a bayan wata takarda mutum ya rubuta ya yi, ko ba haka ba, ranki ya daɗe?"

"Duk abin da ya shigo ta tagar nan a rubuce ina buga masa hatimi."

Orrin ya tsaya cak. Sannan ya warware takardar da ya ninke, ya juya bayanta, ya zaro biro daga aljihu. Rubutun ya fito a miƙe. Huɗu da minti arba'in.

"Loretta." Sherif ne, yana tsaye a bakin ƙofarsa. "Zo mana, minti ɗaya."

"Akwai mutane a taga, Sherif."

"Yanzu nake so."

"Ina zuwa."

Ba ta juya ba. Orrin ya rubuta ranar Laraba, ƙarfe biyar zuwa bakwai, ɗakin tsarewa, ya sa hannu, ya turo. Ta zura takardar cikin inji. Ƙarar ta cika ɗakin. Huɗu da minti arba'in da uku. Ta yi kwafi ta ba shi, ta buga wa ta Gil ma, sannan ta ɗauki makullin ƙasan bene daga ƙusa.

Matakalar tana bayan Sherif. Bai matsa ba.

"Kin san abin da kika yi?"

"Takarda ta shigo, na buga mata hatimi. Yanzu an nemi hoton a rubuce. In ya goge bayan wannan minti, ba na'ura ba ce, mu ne." Ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji. "Sunanka ne a ƙofa, Wendell. Ga Gil can da biro a hannu."

Gil kuwa bai ɓoye ba, littafinsa a buɗe yake. Sherif ya dube shi, ya dubi Orrin Pruitt wanda ke riƙe da kwafinsa da hannu biyu. Huɗu da minti arba'in da takwas.

Sherif ya ja baya taku ɗaya.

Sau biyu yatsunta suka yi kuskuren lambar sirri. A na uku ta shiga, ta nemo ranar, ta kulle awa biyun don kada a hau kansu, ta sa faifai ta fara kwafa. Ta juya wa allon baya har ya gama. Sanda ta hau sama ƙarfe biyar ta gota da minti shida.

Ba a ba Orrin faifan nan take ba. Lauyan gunduma ya ce ana bincike, aka tafi kotun jiha, sai bayan wata bakwai alƙali ya ce a miƙa. Gil ya buga labarin mako bayan mako. Wasu suka daina sayen jaridarsa, wasu suka fara. Loretta kuwa ba a kore ta ba. A watan Janairu aka ce ofishin rajistar motoci da ke tsallaken titi na bukatar mai ƙwarewa, aka mayar da ita can, aka ba ta kujera kusa da ƙofa inda sanyi ke shigowa. Wasu tsoffin abokan aikinta sukan tsallaka titi idan sun hango ta. Tana zuwa takwas saura kwata, kamar kullum.

A watan Mayu Orrin ya bi layi kamar kowa. Da ya iso gabanta babu takarda a hannunsa.

"Na kalli faifan, Misis Dubek. Sau tara Dell ya danna ƙararrawar neman taimako. Minti arba'in da bakwai tsakanin na farko da na ƙarshe."

"Ni ban kalla ba."

"Kada ki kalla." Ya gyara tayensa. "Mahaifiyarsa ta ce in gaya miki yanzu mun sani."

Loretta ta cire tabarau, ta goge da gefen rigarta, ta mayar. Ya yi mata sallama ya fita. Matar da ke bayansa ta matso da takardun tirela, tana ƙorafin tsawon layi.