Ba a Harba Ta da Yunwa

A baje kolin bindigogin iska nan Jidda, wani mai sayarwa ya ɗana wata tsohuwar bindiga, ya harba ta babu harsashi. Ban san lokacin da na ce, "Haram alaik!" ba.

Marigayi kawuna ne ya yi magana ta bakina. Tela ne a unguwar Nuzla, shi ya sa mini son tara irin waɗannan bindigogi. Ran Juma'a bayan la'asar mukan hau saman gida, yana ɗiga wa tasa man keken ɗinki. Ranar da na harba ta wayam, ya murɗe mini kunne: "Ɗan nan, ba a harba ta da yunwa, cikinta lalacewa yake."

Bindigar tana wurina, har yau da ƙamshin man nan. Kunnen ne babu mai murɗawa.

Allah ya haskaka makwancinka, Kawu.