Zakkar Mai Dami Sittin

Har yau in na tuna da mutumin nan mai dami sittin sai kaina ya ɗaure. Ba shi da suna, ba shi da gari, amma shi ya hana ni zuwa Midil ta Sakkwato.

Ina ajin ƙarshe a elimantare ta Rabah, zamanin Turawa, malaminmu ya fara gwada mu da irin tambayoyin jarrabawar shiga Midil. Wata rana ya ba mu wannan mu yi a gida: wani mutum ya noma gero dami sittin, ya ba ƙanensa sulusi, iyalinsa suka ci rubu'in abin da ya rage, saura nawa a rumbu?

Ni dai ban san ta inda zan kama ba. Rubu'in na sittin ɗin ne ko na saura? Ninkawa ake yi ko ɗebewa? Sai na kai wa kakana, wanda shi ake kira rabon gado a unguwarmu, sulusi da rubu'i kuwa a bakinsa kamar gaisuwa suke. Ya saurara, ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "To, ina zakka?"

Na ce, "Kaka, ba a hwaɗi ba."

Ya ce, "Mi za a hwaɗi? Hatsin da ruwan sama ya shayar, mutum ya kai mashi hannu bai hidda ushiri ba? Ba Musulmi ba na?"

Ya share ƙasa da tafin hannu ya zana mini. A fitar da dami shida na zakka, saura hamsin da huɗu. Sulusinsu sha takwas, saura talatin da shida. Rubu'in wannan sauran tara, a ɗebe, saura ashirin da bakwai. Wallahi ranar na fara gane lissafin nan, har da tsalle na yi.

Da safe malam ya ce amsa talatin ce. Ya dubi allona ya ce, "Kai, wa ya aike ka hidda mashi zakka?" Na ce ai shi ma malam na ga yana fitarwa a gonarsa. Ya ce wancan gona ce, wannan lissafi ne, mutumin ma babu shi. To in babu shi, geron wa ƙanen ya karɓa? Na koma wurina na zauna, na fi jiya ruɗewa.

Ranar jarrabawa sai ga mutumin nan mai dami ya dawo, wannan karon da dawa, har tambaya biyu. Bature na kai da komo a tsakaninmu. Na yi lissafin ta hanyar malam, na yi ta hanyar Kaka, ga amsa biyu a gabana. Na san wadda ake so sarai. Amma da na ɗora alƙalami sai na ji kamar ina taya mutumin cin haram, hannuna ya ƙi. Na fitar masa da ushiri.

Da sakamako ya zo, babu ni. Malam ya ce tambayoyin nan biyu suka kayar da ni, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Ni ma na yi kuka, ga haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Ranar da mota ta kwashi 'yan ajinmu da suka ci zuwa Sakkwato, na dawo na tarar da Kaka a zaure. Na gaya masa abin da ya faru duka. Ya ce, "Shi mutumin, ya hidda?"

Na ce, "Na hidda mashi."

Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da jan carbinsa.