Hawa'u Mai Yankan Cibi

A ƙauyenmu na gefen Illela, in kana son sanin shekarunka, ba buron gwamnati za ka ba, gidan Hawa'u ungozoma za ka. Ba ta san ko alif ba, amma duk wanda ta yanke wa cibi yana cikin kanta, shi da ranarsa. Ba da lissafi take ajiye su ba. Wannan gero na bununi aka haife shi, wancan shekarar da rijiya ta rufta. Kai, an yi mace!

A 1988 aka ce Lauratu ɗiyar Abarshi ba za ta shiga kwalej ba, wai ta wuce shekaru. Asalin abin, ranar ɗaukar 'yan lakwal, wato makarantar boko, an sa yara su zagaya hannu bisa kai su taɓo kunne. Ita kuwa zanƙaleliya, ta kamo kunnen har da rara, sai aka ƙara mata shekara biyu a takarda.

Hawa'u ta yafa zane, ta bi Abarshi har gaban alƙali a Konni.

"Inna," in ji alƙali, "kan tsohuwa ai ba takarda ba ne."

"To gwada ni, ɗana. Takarda ma gara na cin ta."

Ya sa aka kawo littafin da hakimin ƙauye ke rubuta haihuwar waɗanda iyayensu suka kai rahoto. Ya kira suna goma, ya ce ta jera su daga babba zuwa ƙarami. Ta jera tara tsaf, har da wanda ya zo da ƙafa. Na goma ta harare shi.

"Wannan ba aikina ba ne. A Malbaza uwarsa ta haihu, kada ka laƙa mini!"

Alƙali ya yi dariya, don tarko ya ɗana mata. Sai ta ce Lauratu da Rabilu, na huɗu a jerin, kwana uku ne tsakaninsu, kunun kanwa ɗaya aka dama wa iyayensu. Aka gyara takarda.

Shekara tara bayan haka, kan Hawa'u ya fara zuba kamar tsohon kwando. Ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Lauratu, wadda ta zama ungozomar likita, ta zo gaishe ta da hantsi, ta faɗi sunanta har sau uku. Tsohuwa ta ce, "Sannu, baƙuwa." Wallahi abin ya ci wa Lauratu rai.

Ana nan sai aka shigo da kunun kanwa daga gidan suna. Da ƙamshin ya bugi Hawa'u, ta gyara zama.

"Ku kai wa matar Abarshi tun da zafi. Mace ta samu, doguwa. Ku ga hannu, jama'a!"

Hannun nan kuwa yana cikin nata, ba ta sani ba.