Ni a Tsibiri, Kwalayena a Waje

Ko zan manta komai na Dubai, ban da ranar da ruwan sama ya ritsa da ni a tsibiri.

Shekara goma ina zuwa saro takalma, amma ban san ko'ina ba sai lungunan kasuwar Naif. Da na zo da matata karon farko, ta ce kwana ɗaya rak take so mu yi yawon buɗe ido, wayata kuma a jakarta za ta wuni. Na yi alkawari.

Da safe muka biya ta kasuwar Murshid, inda kwalayen takalmana ke jibge a ƙofar shagon mai cargo, wani ɗan Nijar da ke aika mini kaya gida. Matata ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Alhaji, wannan fa hadari ne."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, nan ba Kano ba ce. A garin nan a waje kaya ke kwana." Na wuce neman tasi, na bar su suna gaisawa.

Muna isa tsibirin nan mai siffar bishiyar dabino, ruwa ya ɓalle. Wuri ya yi tsit, teku ya yi toka-toka, Larabawa sai ɗaukar ruwan sama hoto suke kamar sun ga amarya. Muka fake a wata rumfa muna shan shayi. Ita tana kallon jiragen ruwa, ni kuwa kowane ɗigo a kan takalmana nake jin saukarsa. Wallahi na tsorata, don duk abin da na mallaka yana cikin kwalayen nan.

"Ka ga kyau, Alhaji?"

"Ƙwarai kuwa," na ce, ko zaƙin shayin ba na ji.

Sau uku na buɗe baki zan roƙi wayar, sau uku na haɗiye maganar. Haka muka kai la'asar.

Sai a tasi ta miƙo mini ita. Na tarar da saƙon ɗan Nijar: "Patron, khalas, an gama, tun safe na shigar da kaya, yadda Madame ta ce."

Na juyo. "Kin sani, kika bar ni ina dahuwa?"

"So nake in ga wa za ka zaɓa, ni ko kwali."

"To, ai kin gani."

"Na gani. Jikinka dai ya zauna da ni."

Ko takalmi ɗaya bai jiƙe ba, amma kunyar ranar har yau ba ta bushe ba. Na koyi cewa idan matar da ta shekara ashirin tana kwashe shanya ta ce hadari ne, ko a hamada kake, shigar da kayanka. In kuma ka ba ta rana, kada ka aiko mata da gangar jiki kawai.